Ni da Tabon Motar Surukina

Ba na jin zan taɓa mantawa da abin da tabon motar surukina ya yi mini a Yelwa, ko da tsufa ya sa na manta sunayen jikokina. (Tabo, ga wanda bai sani ba, wani ƙarfe ne mai siffar katantanwa da ke hura wa injin dizal iska don ya ƙara ƙarfi. Ni ma a lokacin iyakar sanina ke nan, sai dai ban yarda ba.)

Ba a daɗe da raba jiharmu da Sakkwato ba, ina koyar da fasaha a wata sakandare. Ni ke zana inji a allo, in yi wa ɗalibai bayanin yadda yake shaƙa ya fitar. Saboda haka surukina Alhaji, mai fataucin busasshen kifi, ya laƙaba mini Injiniya. Kuma ba da wasa yake ba, ko baƙo ya yi sai ya ce, "Ga mijin ɗiyata, Injiniya." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai ina jin daɗi. Maganar Allah, ban taɓa kwance ko noti ɗaya a jikin mota ba.

Alhaji yana da akori-kura 'yar Kwatano, da ita yake ɗauko kifi daga Wara. Sai ta fara fito tana hayaƙi, ko ɗan tudu ta gani sai ta yi ta nishi. Tanko bakanike ya duba ya ce tabo ya tafi. Aka sayo wani daga Kwantagora, saura ɗaurawa. Da Tanko ya faɗi ladan aikinsa, Alhaji ya aika aka kira ni.

"Injiniya, ka jiya abin da Tanko yac ce. In biya shi, ko kana iyawa?"

Mai hankali zai ce a biya. Ni sai na juya na tambayi Tanko dalilin wannan tsada a kan noti takwas.

"Malam, ɗaurawa ba ita ta aiki ba," in ji shi. "Sai an kwance hanjinta duka an wanke. Wanga aikin kwana biyu na."

Hanji! Mota ce ko akuya? Raina ya ɓaci. Ina da wani ƙaton littafin injuna mai bango kamar katako, na karance shi kaf, ban ga inda aka ce mota tana da hanji ba. Na ce a raina wannan dabarar cin kuɗin tsoho ce kawai. Na gyara tsayuwa na ce, "Baba, a bar mini." Tanko bai yi musu ba. Ya goge hannu, ya ce Allah shi ba da sa'a.

Kwana uku na yi ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a ƙofar gidan Alhaji, da aron sifana, littafina a buɗe kan taya. Wanda ya zana hotunan littafin nan, Allah ya isa tsakanina da shi. A hoto kowane noti yana fili yana jiran ka. A mota kuwa sun ɓuya a inda hannun ɗan Adam ba ya kaiwa, kuma tsatsa ta riƙe su gam. Na ɗaye yatsu huɗu, baƙin mai ya ɗiga mini a ido, na ƙume goshi da bonet har sau uku a wuri guda. A rana ta biyu maiɗakina Hajara ta dubi hannuwana ta ce, "Malam, ka kira mutumen ga ka biya shi daga aljihunka mana. Wa za ya sani?" Wallahi na yi tunanin haka, har na kama hanyar gareji. Da na hango Tanko yana dariya da wani direba (ƙila ma ba da ni suke ba), sai na juyo.

Safiyar gwaji Alhaji ya sa an jera kwandunan kifi a bayan mota, ana jiran lodi zuwa kasuwa. Ya kuma kira maƙwabta su ga aikin Injiniya. Shi ma Tanko ga shi can wurin mai shayi a tsallaken hanya, ya juyo da benci yana fuskantar mu. Wa ya gayyace shi? Oho.

Na yi bismilla na murɗa makulli. Ta tashi lafiya lau, ba fito, ba hayaƙi. Alhaji ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani?" Da na tsaya nan da na tsira da mutuncina. Amma ina, sai na taka totur don Tanko ya ji daga inda yake.

Na ɗaga ƙafa, ƙara ba ta sauka ba. Sai ma ƙaruwa take. Motar ta hau rawa, salansa ta fara aman wani farin hayaƙi da ya rufe kwanduna, ya rufe Alhaji, ya rufe maƙwabta. Na kashe, ta ƙi. Na zare makullin gaba ɗaya, ta ci gaba da kururuwa abinta.

"Injiniya, kashe ta mana!" Muryar Alhaji ce daga cikin hayaƙi.

Na fito ina ɗaga makulli sama ina cewa, "Ai na kashe! Ga makullin nan!" Kamar dai motar za ta gani ta ji kunya.

Abin da ya biyo baya ba ni na yanke shawararsa ba, ƙafafuna ne. Shekara huɗu da aurena ban taɓa wuce zauren gidan nan ba sai da sallama uku, ban taɓa haɗa ido da Inna surukata ba, ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. Sai ga ni a tsakar gida, takalmi ƙafa ɗaya, na tsugunna bayan turmin da take daka, na rungume taɓaryarta ina cewa, "Za ta fashe, Inna, za ta fashe!"

Baiwar Allah ko a wannan hali ba ta karya kunya ba. Ta ja mayafi, ta kau da kai wajen bango, ta kira Hajara da ta zo kallon nasarata.

"Ke, ce ma mijinki shi sakam man taɓarya."

A daidai nan ƙarar ta ɗauke ɗif. Na fito ina ɗingishi. Tanko ne tsaye gaban mota, ya fizge tiyon iska, ya manna littafina a bakin bututun da injin ke shaƙa ta ciki. Ya toshe mata numfashi, ta mutu. Sannan ya karkata tiyon, baƙin mai ya zubo ƙasa. Hanjin ke nan. Tsohon tabon ya daɗe yana tsiyayar da mai a ciki, sabon da ya zo da ƙarfinsa ya kwashe shi ya ɗura wa injin, shi kuma ya mai da shi abinci. Ina ruwansa da makulli?

Ya miƙo mini littafin, bango ya lotsa. "Littahin ga naka na da amfani, Malam," ya ce. "Bangonai da kauri."

Kwando uku na kifi suka ɗauki warin mai, ba mai saye. Mota ta yi mako a garejin Tanko, kuma an biya shi har da na gyaran ɓarnata. Abin da ya fi ci mini rai, Alhaji bai yi faɗa ba. "Allah shi tsare gaba," iyakar abin da ya ce ke nan.

Bayan wata guda na je gaishe shi, rediyonsa tana ta shuu, tasha ta ƙi kamuwa. Na miƙa hannu in ɗan juya eriya kawai. Tsohon nan, da ciwon gwiwarsa, ya riga ni. Ya janye ta ya tura ƙarƙashin matashin da yake jingine, ya ce, "Bar ta, hakanan nika son ta."

Tun daga ranar, in bakanike ya ce mini mota tana da hanji, ba na musu. Ko ya ce tana da tumbi, tambayarsa nake ko a kawo sabulu.