Sarƙar da Na Wanke da Kananzir

Shekarar da na buɗe garejina a Nguru, ban yarda akwai bakaniken da ya kamo ƙafata ba. Sai ga Ba Modu, mai fataucin bandar kifi, ya kawo akori-kurarsa a sauke inji, haɗe da sabuwar sarƙar taimin ta cikin inji a takardarta.

Na kwance komai na wanke a daron kananzir, tsohuwar sarƙar ta fito tana sheƙi. Hannu na aiki, hankalina kuwa ya tafi bakin kogin Gashuwa. Ga katafaren garejin da na gina, motoci sun yi layi har kan gada, masunta na ɗago mini hannu daga kwalekwale. Cikin wannan daɗi na ɗaure inji.

Na ce, "Ba Modu, wannan sarƙa sai dai jikokinka su canja ta."

Ya yi lodin kifi da fasinjoji, na bi shi Gashuwa don in sha yabo. Ba mu yi nisa ba inji ya soma ƙaraf-ƙaraf, ya mutu, ga kasuwa na shirin wuce shi. Na buɗe akwatin kayan aikina da isa, gaban fasinjoji. Sabuwar sarƙa na kwance a takardarta, ko buɗe ta ba a yi ba.

Ba Modu ya ɗaga ta sama. "Malam, wannan ce ta jikokin nawa?"

Har yau in na shiga tashar Nguru da sabuwar riga, sai wani ya shafa ta ya ce, "Sabuwa ce, ko kananzir ta sha?"