Rasuwar Littafin Gwamnati a Shagon Aski

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da ya gaji da komai, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar littafina na darasin gwamnati, wanda 'yan shagonmu na aski ke kira Alƙali. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi, bayan doguwar jinya.

Marigayin ya shigo gidanmu ta hannun kawu. Daga kawu ya koma wajen yayata, daga ita ya faɗo hannuna, ba bango, ba shafin farko. Har ya rasu ban san wanda ya rubuta shi ba. Amma ya san aikinsa. Shi ya koya min bambancin majalisar tarayya da ta jiha, da yadda ƙuduri ke tsallake karatu bayan karatu kafin ya zama doka, da abin da ke faruwa idan gwamna ya ƙi sa hannu. Ba shi da surutu. Iyakarsa ɗan "fat" idan an rufe shi.

Bara na faɗi jarrabawar darasin gwamnati. Ban ɗora masa laifi ba. Baba ya ce in sake zama bana, in na kuma faɗuwa, to in zauna a shagon Yaya, babban wana, in koyi aski sosai, a daina maganar jami'a. Shi ya sa nake zuwa da marigayin shago, ina leƙa shi idan ba layi.

A nan ya kamu da ciwon ajali. 'Yan zaman benci suka gano shi. Da gardama ta yi zafi sai a ce, "Ɗan boko, ɗauko mana Alƙali." Wata rana direban tanka da tela suka kaure kan wa ke da ikon tsige gwamna. Direba ya ce shugaban ƙasa. Tela ya ce, "Kai da ko lambar motarka sai an karanta maka?" Wannan ya ja, wancan ya ja, ƙashin bayan marigayin ya karye. Na yi masa ɗori da salatif. Bai kama ba. Tun daga nan shafukan tsakiya suke zamewa.

Ranar Laraba aka ɗauke wuta. In ba wuta, reza Yaya yake komawa, kuma ya saba ɗora 'yar takarda a kafaɗar wanda yake yi wa aski, yana share kumfa a kai. Tsofaffin jaridu sun ƙare. Ni kuma na tafi ɗebo ruwa. Kafin in dawo, babin majalisar jiha ya tafi gaba ɗaya, kowane gemu da shafinsa. Na tarar da "Ikon Kakakin Majalisa" a kafaɗar mai gyaran rediyo, ya jiƙe sharkaf da kumfa da gashi.

Na tsaya da bokiti a hannu. Yaya ya ce, "Waɗanda suka riga suka cire na ɗiba, ƙanena. Ban taɓa masu rai ba." Ya juya kan mai rediyo, ya ƙara da cewa, "Ai ka haddace, ko?"

Na ajiye bokitin. Babin da ya kayar da ni bara ke nan.

Marigayin ya rasu ya bar babin kotuna, da rabin babin zaɓe, da taswirar da ɓera ya cinye gabashinta, da ni. Ya kuma bar direba da tela, waɗanda har yau ba su daidaita ba, don amsar tana cikin abin da aka share kumfa da shi.

Za a yi jana'iza gobe bayan an rufe shago. Za a naɗe abin da ya rage a tsohon tawul, a sa a kwali, a tura ƙarƙashin gado. Ba a buƙatar taro. Direba da tela, an yafe muku zuwa. Ana karɓar gaisuwa a shago, amma kada a ce min "sai haƙuri", na ji ta isa haka. Wanda ke da littafin gwamnati a gida, ko na 'yarsa ne, ya ara min kafin Asabar, ranar jarrabawa.

In Asabar ta wuce ba wanda ya kawo, kada kowa ya wahalar da kansa. Jiya na ga Yaya ya rataye sabuwar rigar aiki a bayan ƙofa, daidai tsayina.