Motar Nabilah Ba Ta Zuwa Gidan Mai

"Lafiya lau, amarya. Ya gajiyar tona mana hanya a kyauta?"

Malam Mika'ilu ne ya amsa gaisuwar jikarsa Nabilah da haka, yana zaune a kan benci a bakin layinsu na Lugbe. Shekara talatin ya yi yana jan tasi tsakanin Garki da filin jirgi, yanzu kuma shi ne shugaban direbobin layin. Tun da daɗewa suka yi tsari, duk wanda ya sha mai a gidan man da ke mahaɗa sai ya jefa wani abu a gwangwanin ƙungiya, da shi ake sayo tifar jar ƙasa a cike ramuka kafin damina. Ba wanda ya taɓa kawowa a ransa za a yi motar da ba ruwanta da gidan mai, sai da Nabilah ta karɓo mota mai amfani da cajin lantarki tana ɗaukar fasinja da ita. Direbobi sun fara gunaguni, sun ce in jikar shugaba ba ta biya, su ma sun daina. Gobe ne taro, ga hadari ya fara haɗuwa, shi kuwa ba shi da amsar da zai ba su.

Ta durƙusa rabi, ta ce ai ita ba ta karya doka ba. An ce wanda ya sha mai ya biya, ita ko ɗigo ba ta sha.

"To da kai motar take tafiya, ko da taya?"

"Da taya, angona. Amma tafiyar 'yan gayu take yi, ba irin ta akwalarka ba."

Ya gyara hula, ya ce shi dai an gaya masa batirin da ke cikinta ya fi bijimi biyu nauyi, shi ya sa duk inda ta taka sai ƙasa ta lotsa. Saboda haka a ganinsa, da nauyi ya kamata a riƙa biya.

"In da nauyi ne, sai a fara ɗora tumbinka a sikeli. Tuwon Kaka Turai kaɗai zai gyara mana layin har titin filin jirgi."

"Kishi ne ke damunki, don ta fi ki iya miya."

Ta ce to a sa a kuɗin wuta mana, tunda wuta take sha. Ya tambaye ta ko firijin maƙwabta ma ya fara bin hanya ne, da za a ɗora masa kuɗin rami. Ta ce a yanka wa kowa daidai a shekara. Ya ce wannan zalunci ne, wanda ke fita sau ɗaya a mako ba zai biya ɗaya da mai sintiri kamar kazar da ta rasa makwanci ba.

Daga nan ya juya yana kallon ramin da ke bakin kwalbati. Nabilah ta lura wasan ya ɗan sauka daga fuskarsa.

"Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski, amarya. Ni dai kar a ce na tsufa ina son kai."

Ta zauna a gefen bencin. Ta ce in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Motarta na da mitar da ke ƙirga tafiya. Duk farkon wata ya zo da kansa ya duba, ta biya gwargwadon abin da ta taka, duk wanda ya sayi irinta nan gaba shi ma haka. Tsoho ya juya maganar a ransa, ya ga ta zauna daram. Sai dai bai gama murmushi ba ta ɗaga yatsa.

"Da sharaɗi. Gobe zan miƙe a taro in ce masu hayaƙi su ma su biya kuɗin hayaƙi. Taka in ta tashi da safe, har sauro sallama yake yi da iyalinsa."

"Wannan ai taimakon unguwa take yi, maganin sauro kyauta."

"Sai ka faɗa wa taro haka."

Malam Mika'ilu ya yi dariya har sai da tari ya kama shi. Ya laluba aljihu, ya zaro farin goro babba, wanda ya ajiye wa kansa, ya danƙa mata a hannu ya rufe da nasa.

"Maganar mita ki kai taro. Ta hayaƙin nan kuwa, na saye ta."