Dinare Bakwai da Gadar Benuwe

Wani ne a Garwa, kakansa ya rasu ya bar masa gwangwanin madara da dinare bakwai a ciki. Tsohon ya tara su ne a hanyar Makka tun zamanin tafiyar ƙasa: wannan bugun Masar, wancan na Omdurman, wani na Istambul. Shi kuwa jikan, babur kawai yake mafarki, ya riƙa ɗaukar fasinja kamar kowa.

Aka ce masa akwai wani Mushe Hubert, wato Malam Hubert da Faransanci, mai kantin magani, wanda ya haukace a kan tara tsofaffin kuɗi. Ya je ya zazzage masa su a tebur. Hubert ya kafa madubi a ido, yana duba su ɗaya bayan ɗaya.

Mutumin ya ce, "Patron, wai me ya sa tsohon kuɗi ya fi sabo tsada?"

"Ƙaranci ne. Da abu ya yi kaɗan, sai farashinsa ya hau. A ce irin wannan ɗaya tak ya rage, wane babur? Gida za ka saya."

"Ɗaya tak?"

"Ɗaya tak."

"To, ina zuwa."

Ya kwashe kayansa, bai zame ko'ina ba sai tsakiyar gadar Benuwe. Ya yi bisimilla ya cilla ɗaya. Tsulum! Ya ji farashi ya motsa. Ya ƙara wani. Kafin ya kai na shida har ya fara tunanin fentin da zai yi wa gidan.

Ya dawo yana taku ɗai-ɗai, ya ajiye wa Hubert guda.

"Ina sauran shidan?"

"Na gyara mana kasuwa. Suna ruwa."

Hubert ya dafe kai. "Mon Dieu! Na Omdurman ɗin ma? Shi nake nema shekara ashirin! Wannan da ka bari na Masar ne, irinsa sun fi dubu!"

Mutumin ya auna maganar. Ashe da saura aiki. Ya sake cewa, "Ina zuwa."

Ya ɗauke gudan ya nufi gada. Jim kaɗan sai ga shi da gwangwani wayam. Ya buɗe murfin a hankali, ya tura gaban Hubert.

"Yanzu ba ko ɗaya. In ɗaya gida ne, babu fa? Yi tayi, amma ka ji tsoron Allah."

Hubert ya rarumi tsintsiya. Mutumin ya fito da gudu yana cewa, "Wayo ne! So yake ya saye a arha!"

Ya koma gida ya ɓoye gwangwanin a ƙarƙashin katifa. Kullum sai ya leƙa ya tabbatar babu ɗin nan tana nan, ba a taɓa ta ba.

Bayan mako guda matarsa Hajjo ta sayo giwan ruwa a bakin kogi. Tana farke cikinsa sai ga abu yana walƙiya. Ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gida.

"Maigida! Dinaren kakanka! Allah ya dawo mana da shi, ga babur ya samu!"

Mutumin ya fito ba ko hula, ya rufe mata baki.

"Ke, mayar da shi cikin kifin ki ɗinke! So kike ki karya mini farashi?"