Ranar da Muka Kai Yaran Unguwa Gaban Kwamiti

Jama'a, jiya da la'asar na shigo gida da tumbuɗi a kafaɗar rigar da nake ji da ita, aljihuna cike da ɓurɓushin biskit, ina riƙe da takalmin yaro ƙafa ɗaya wanda har yanzu ba a gano mai shi ba. Duk wanda ya gan ni zai ɗauka daga asibitin yara nake. To ba daga can nake ba, daga gaban hukuma nake. Kwamitin sauraron koke-koken gine-gine ne ya kira mu, ni da uwargida, muka amsa kira.

Bari in faro muku daga tushe. Maƙwabciyarmu nas ce, kuma aikin asibiti bai san kana da jariri ba. Wata safiya ta leƙo ta ce wa uwargida, “Don Allah Yaya, riƙe min ita zuwa azahar.” Wannan azahar ɗin ce har yau ba ta yi ba. Malamar makarantar da ke bayan layi ta ji labari ta kawo nata. Mai shagon ɗinki ta kawo tagwaye. Wata mai aiki a banki ta kawo wani ɗan lukuti da ba ya kuka, sai dai ya ƙura maka ido kamar ka yi masa laifi. Kafin in ankara falona ya zama filin rarrafe. Ni da nake maigida a tsaye nake sauraren labarai, kuma na koyi tafiya a gidana ina ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata.

Ban yi fushi ba. Uwargida ta iya yara, matan nan kuma da ba don ita ba da tuni wasunsu sun ajiye aiki. Sai na ce tunda akwai ɗan fili a gefen gida, inda ba abin da ke zaune sai tsohuwar taya da igiyar shanya, bari a yi wa yaran ɗakinsu. Na kira magini, aka zuba tushe, gini ya tashi har ya kai taga. Ran nan sai ga wani bawan Allah a kan babur da gwangwanin jan fenti. Bai yi sallama ba, bai tambayi maigida ba, ya shafa wa sabon bangon wani ƙaton jan gicciye ya rubuta “A DAKATA”. Rubutunsa dai mai kyau ne, wannan ba zan ci amanarsa ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, lafiya?”

Ya ce, “Ina izininka?”

Na ce, “Ai gidana ne.”

Ya ce, “Gidanka ne, amma tsarin gari ba naka ba ne.” Ya tada babur ya bar ni da warin fenti.

Washegari na nufi ofishin masu tsara gine-gine. Bayan na gaisa da benci har mun saba, aka shigar da ni wurin Mai Girma Mai Duba Zane. Mutum ne mai fara'a, ya buɗe wata ƙatuwar taswira ya ɗora yatsa a kan unguwarmu ya ce, “Ka ga nan? Launin ɗorawa. Wurin zama ne zalla, ba a sana'a a cikinsa.” Na yi godiya da wannan ilimi, don ni da nake zaune a cikin launin ɗorawar ban taɓa sani ba. Mai waldan da ke daura da ƙofata ma bai sani ba, haka mai injin niƙan da ke kan kwana. Shi kuwa babban mutumin da ya ɗora bene a kan bene a ƙarshen layi har barandarsa ta leƙo kan titi, na tabbata lokacin da yake gininsa jan fenti ne ya yanke a kasuwa.

Mai Girma ya ce akwai mafita. In kawo masa lasisin renon yara daga ofishin kula da walwalar yara, sai ya duba batun ɗaki. Na tafi can da saurina. Mai Girma ta can, mace mai kamala, ta ce ai ba sa ba da lasisi sai sun ga ɗaki na musamman, mai taga, mai makewayi a kusa. Na ce ɗakin yana jiran lasisi. Ta ce lasisin ma yana jiran ɗaki. Na tambaye ta ko ofisoshin biyu suna da lambar wayar juna. Ta yi murmushi ta ce kowa da hurumin aikinsa. A nan ne ta ba ni shawarar in ɗaukaka koke gaban kwamiti, ta kuma tsegunta min cewa ba banza mai fenti ya zo ba, wani maƙwabci ne ya kai ƙara.

Ban sha wahalar gano shi ba. Katanga ɗaya ta raba mu da wani dattijo da ya yi ritaya, wanda unguwa ke kira Baba Tsit saboda ƙaunarsa da shiru. Mutumin da ko rediyonsa sai ya manna a kunne yake ji. Na same shi yana ba shukokinsa ruwa.

Na ce, “Baba, ashe kai ne?”

Ya ce, “Ni ne. Na yi shekaru ina jiran ranar da zan yi barcin rana ba mai tashe ni. Da na samu, sai kuka buɗe min kasuwa a bayan kunne.”

Na ce, “Ai da ka yi min magana.”

Ya ce, “Na yi. Ba ka ji ba, saboda hayaniya.”

Gaskiya a nan ya kama ni, na juya na koma gida.

Aka sa mana rana. Takardar gayyata ta ce lallai mai renon ta bayyana da kanta, da safe, ranar aiki. Uwargida ta karanta ta dube ni ta ce, “Malam, to yaran fa?” Muka tuntuɓi iyayensu. Nas tana da marasa lafiya, malama tana da jarrabawa, ta banki ta ce in ta nemi izinin fita sau ɗaya kuma, manajanta zai ba ta izinin dindindin. Uwargida ta ɗaura mayafi ta ce, “Shi ke nan, da su za mu je. Ai maganarsu za a yi.”

Haka muka cika motar haya, ita da goyo da jaka, ni da ɗan lukuti a kafaɗa da tagwaye riƙe da gefen rigata. Zauren kwamiti yana da kyau, ba laifi: dogon tebur, tuta, fanka mai juyawa a hankali kamar ita ma tana jiran izini. An ce da safe, amma masu girma suna wani taro mai muhimmanci a kan yadda za a rage wa jama'a jira, saboda haka sai da rana ta take suka shigo. Mai Girma Shugaba a tsakiya, mai duba zanen nan a damansa, a hagunsa wata 'yar kwamiti da idonta bai bar wayarta ba.

Kafin mu akwai wani direba da ke son ƙara ɗaki a ƙasa saboda mahaifiyarsa, ƙafafunta sun daina hawa matakala. Aka auna zanensa da rula aka ce ɗakin ya matsi katanga da taku guda. Ya ce, “Ranka ya daɗe, kullum a bayana nake hawa da ita.” Shugaba ya jinjina kai, ya yaba masa da biyayya ga iyaye, ya ɗage zaman zuwa wata mai zuwa. Mutumin ya fita yana murza hularsa. A nan na ce a raina, idan wannan bai samu ba, ina ga mu.

Da aka kira mu, biskit ya riga ya ƙare, kuma duk wanda ya san yara ya san abin da ke biyo bayan ƙarewar biskit. Tagwaye suka shige ƙarƙashin dogon tebur. Ɗan lukuti ya zaɓi wannan lokacin ya sauke min abin da ya sha a kafaɗa. Shugaba ya leƙa ƙasa, ya janye ƙafarsa, ya ce, “Waɗannan kuma na waye?”

Na buɗe baki zan fara jawabin da na kwana biyu ina haddacewa, uwargida ta riga ni. Ta ce, “Ranka ya daɗe, waccan uwarta tana asibiti, in ka kwanta ciwo ita za ta sa maka ruwa. Wancan uwarsa tana aji da 'ya'yan mutane. Waɗanda ke ƙarƙashin teburinka uwarsu tana kan keken ɗinki. Ni ba kamfani na buɗe ba. An ce unguwarmu wurin zama ce, to ai zaman suke yi. Ɗaki kawai nake nema musu, don falon ya yi musu kaɗan, jiya ma saura ƙiris wannan ya jawo butar shayi a kansa.”

Tagwaye dai suka ci gaba da hidimarsu a ƙarƙashin tebur. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce a kira mai ƙara.

Sai a lokacin na lura Baba Tsit yana can kujerar baya. Kuma ba shi kaɗai ba. 'Yar nas, wadda yanzu ta fara gudu, ta gano shi tun ɗazu, ta haye cinyarsa ta yi barci da yatsa a baki. Ashe yarinyar ta saba leƙa shi ta ƙofar gida in yana ban ruwa, har yana ba ta ta riƙe masa tiyo. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, ta motsa, ya koma ya zauna. Ya ciro takardarsa da hannu ɗaya ya fara karantawa cikin raɗa.

Shugaba ya ce, “Dattijo, ɗaga murya, ba ma ji.”

Baba ya ce, “Za ta farka.”

“To ka ba wani ya riƙe ta.”

“Ba ta yarda da kowa.”

Jama'a, ƙarar hayaniya ce fa ake gabatarwa, amma sai da masu girma suka miƙo wuya suna kasa kunne. Da abin ya gagara, Baba ya ninke takardar ya ce shi dai damuwarsa tagar ce. Magini ya saita ta daidai ɗakin barcinsa. In za a juya ta ta kalli titi, shi ba shi da sauran magana. Na dube shi, ya kau da kai. Wannan zancen da a bakin katanga aka yi shi, da ko shayinmu bai huce ba an gama.

Masu girma suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus. Shugaba ya sanar da cewa kwamiti, cikin tausayinsa, ya amince a ci gaba da gini bisa sharuɗɗa. A juya taga. A jira ƙaramin kwamiti ya zo ya ga an juya ta. Sannan, tunda doka ta ce duk wurin da jama'a ke zuwa sai da wurin ajiye motoci, a tanadi filin faka mota a ƙofar gida domin iyayen yara.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ai da ƙafa suke zuwa.”

Ya ce, “Doka ba ta tambayi da me suke zuwa ba.”

Uwargida ta taka min ƙafa, na ce mun gode, Allah ya ƙara girma.

Muna tattara yara a baranda sai ga 'yar kwamitin nan ta biyo mu da sauri. Na zaci wani sharaɗin aka manta. Ta ja uwargida gefe, ta rage murya ta ce, “Yaya, don Allah akwai gurbi? Nawa wata bakwai gare shi. Mai aikina ta tafi, yau a wurin mai shara na bar shi a ofis, shi ya sa nake ta duba waya.” Ni dai har na shirya ce mata ta rubuto a rubuce, za mu zauna mu duba. Uwargida ko kallona ba ta yi ba, ta ce, “Kawo shi gobe, ki haɗo da kunzugunsa da madararsa.” Da sassafe kuwa sai ga ta, ta ajiye shi a falon da har yanzu ba shi da lasisi, ta yi godiya ta wuce ofis.

Yau magini ya dawo ya toshe taga ya fasa wata. Lasisi an ce sai ɗaki ya kammala, ƙaramin kwamiti kuma an ce yana nan tafe da zarar an gyara motarsa. Ni kuwa na cika nawa alkawarin. Na share ƙofar gida, na ja farin layi tsaf yadda mota za ta shiga ta fita ba ta goga ba. Zuwa yanzu dai abin da ya faka a wurin keken roba ne mai ƙafa uku da kuma kyanwar mai walda. Saboda haka idan akwai wani mai girma da motocinsa suka yi wa gidansa yawa, ya taimaka ya aiko mana da ɗaya ta riƙa wuni a nan, kada masu dubawa su zo su ce ba ma amfani da wurin yadda doka ta tanada.