Motar da Ba Ta Shan Mai da Shanun Badaru

Jama'a, ku yi mini sannu. Da tsufana da ciwon gwiwata, makon jiya na tura mota. Ba kowace irin mota ba kuwa, mai lantarki, wadda ko a birni sai wane da wane.

Bari in faro muku daga tushe. Bara war haka Mai Girma Sarkin Alkawari, Allah ya ƙara wa rigarsa faɗi, ya zo ƙauyenmu nan gefen garin Turawa a ƙasar Ƙaraye, da jerin gwanon motoci masu zuƙar mai kamar raƙuma, don ya ba mu guda ɗaya da ba ta shan mai. Ya ce ta kai masu naƙuda asibiti ce. Muka rangaɗa guɗa. Ni har da 'yar rawa.

Maƙwabcina Gwadabe aka ba tuƙinta. Da ya dawo daga koyo na tsare shi.

"Gwadabe, to me take ci?"

"Wuta, Iya. Batir ne shimfiɗe a ƙarƙashinta kamar tabarma. A jona ta, ta ƙoshi, kamar wayarki. Ba baƙin mai, ba hayaƙi, ba ƙara. In ana gangara aka taka birki ma, ɗan caji take maidowa."

"Tubarkalla! A ina za ka jona ta?"

Sai ya hau sosa ƙeya.

Kada ku ce ba a yi mana aiki ba. Turakun wuta muna da su, tsaye ƙyam tun jikata Rabi'atu tana goye. Wutar ce dai tana hanya. Mai Girma ya ce a kwantar da hankali, za a kafa mana faifan hasken rana. Aka naɗa kwamiti, kwamiti ya haifi ƙaramin kwamiti, ƙaramin ya tafi ƙasar waje ya gano yadda rana take fitowa a can. Tamu ta nan, mai gasa mana ƙeya, ashe ba ta kai ba.

Dole aka koma ga janareton mai cajin waya na bakin kasuwa. Wato Gwadabe ya saɓa jarka ya bi layin mai a Ƙaraye, a ɗura wa janareto, janareto ya shayar da motar da ba ta shan mai. An gudu ba a tsira ba.

To, ranar da nake ba ku labari, da hantsi naƙuda ta kama Rabi'atu, haihuwar fari. Yelwa ungozoma ta shafa cikin ta ce, "Iya, ɗan nan a gicciye yake. Ba aikin gida ba ne, a yi asibiti yanzu."

Gwadabe ya ce, "Iya, jiya ban samu mai ba, cajin kaɗan ne."

Na ce, "Kaɗan ɗin ya fi babu, ɗan nan. Mu je."

Muka kwantar da ita a baya, muka ɗauki hanya shiru kamar masu satar fita, har kaji ba su san mun wuce ba. Muna haye kwari sai mota ta tsaya. Ko tari ba ta yi ba, mota mai kunya.

Maza suka yar da fartanya a gonakin gyaɗa suka sheƙo. Kowa ya san maganin motar da ta mutu a ƙasar nan: turi.

"Direba, sa giya biyu! In mun ce saki, ka saki kuloci!"

"Ba ta da kuloci! Wannan ba ta tashi da turi!"

Malam Badaru, dattijon da gonarsa ke bakin hanya, ya ce, "Yaro, tun ba a haife ka ba muke tura mota. Wadda ta fi wannan taurin kai ma ta tashi."

Aka tura. Aka sake turawa. Rabi'atu tana salati tana kiran sunana, ban san sa'ad da na ɗaure gyale a ƙugu na sa kafaɗa ba. "Saki! Saki!" Gwadabe ya ɗaga hannu biyu sama, ba abin da zai saki.

Yelwa ta leƙo ta taga. "Ku kam in kun gama wasan, yarinya tana galabaita. Kuma ba za a ɗaga ta daga nan ba."

Sai Malam Badaru ya juya gonarsa. Ya kwance shanun nomansa, ya ɗaura igiya a gaban motar. Haka muka shiga Ƙaraye, shanu a gaba, ci gaban zamani a baya, ni ina bin su da addu'a. Allah ya yi da sauran kwana. Aka yi wa Rabi'atu aiki, aka ciro 'ya mace, uwa da 'ya lafiya lau. Jiya aka raɗa mata Munawwara.

Mai Girma bai manta da mu ba. Ana cikin suna yaransa suka zo suka liƙa babban hoto a bangon gidanmu: ga motar tana shiga ƙofar asibiti, ga shi a sama yana murmushi, ga rubutu wai mota mai lantarki ta ceci rai. Shanun an yanke su tas daga hoton. Igiyar ce dai suka manta, tana nan miƙe daga hancin motar zuwa bakin takarda.

Ni dai na ce wa Gwadabe, kafin ranar tasu ta iso daga ƙasar waje, ya bar bin layin mai. Ya tanadi harawa.