Rasuwar Dogo, Injin Gem na Shagon Bakoji

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, ni Bakoji mai cajin waya a Birnin Gwari nake sanar da rasuwar Dogo, injin gem na shagonmu, wanda ya cika ranar Laraba da hantsi.

An ƙera marigayin a Japan, zamanin da gem ke tsaye cikin akwatin katako mai tsawon mutum, sai ka jefa masa sule kafin ya kula ka. Mahaifina, Nababa direba, shi ya ɗauko shi daga Legas a kan buhunan gishiri. Wasa ɗaya ya iya duk rayuwarsa: wasu ƙwari na saukowa daga sama sahu-sahu, kai kana ƙasa kana harbinsu. Ba a gama su. Ka kashe sahu, wani ya sauko.

Shekarar da ƴan bindiga suka tare hanya, maƙwabta suka yi ta kulle shaguna suna komawa Kaduna. Matata Lailatu ta ce mu bi su, na ce Dogo ba ya hawa babur. Muka zauna. Manoman da aka koro daga Randagi a wurinsa suke wuni. Isaiah, wanda aka ƙone wa rumbun masara, tun zuwansa ba wanda ya ji muryarsa, sai ran da ya kama sandar da ake harbi da ita a jikin Dogo. Ƙwaro ya cinye shi nan take, ya fashe da dariya har da hawaye.

Ran da aka shigo layinmu da harbi, harsashi ya huda kwiɓin marigayin. Muna kwance a ƙasa, shi yana tsaye yana ta "dum, dum, dum" abinsa. Kowa ya sani: ba harsashi ya kashe shi ba, tsufa ne. Fuskarsa ta yi ta dushewa, Gabriel mai gyaran talabijin ya ce an daina yin kayansa. Kalmarsa ta ƙarshe "tiiii".

Ya bar ni, da Isaiah, da jikoki birjik cikin wayoyinku, waɗanda ko sunansa ba su sani ba.

Masu sayen gwangwan kada su wahalar da ƙafarsu, ba na sayarwa. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar shago. Daga nan za a tsayar da gawar a bakin titi, fuskarta na kallon dajin da ƴan bindiga ke fitowa. Shago kuwa a buɗe yake, ranar nan da kuma kashegari.